Fam 400 na biya aka haɗa mana asalin da ba namu ba

Duk wanda ya sanni ya san Mamanmu baturiya ce, Baba ya tafi karatu Leeds ta ƙasar Ingila a 1976 ya dawo Zariya da digiri da mata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dogon hutunmu na yarinta yawanci a gidan Kaka mahaifiyar Mama muke yinsa, wani ɗan ƙauye a gabashin Yorkshire kusa da Driffield, layi biyu ne kacal, coci ɗaya na dutse, kududdufin agwagi a tsakiya, gidan giya ɗaya da Baba ke ƙara sauri in mun zo giftawa, sai gonakin alkama da sha'ir iya ganinka. Da sassafe mai madara ya jera kwalabe a bakin ƙofa, da yamma kuma rana ta ƙi faɗuwa har bayan ƙarfe tara, Baba na zaune da agogo yana jiran magariba mu kuwa tuni barci ya kwashe mu a kan kujera. Ƙarshen Agusta mu bi shingen gonaki muna tsinkar blackberry, ƙaya ta yayyage mana hannu, baki ya yi baƙi ƙirin, Kaka ta dafa su da tuffa.

To bayan rasuwar Kaka sai Mama ta fara cewa tana son jikokinta su san ɗaya ɓangaren nasu, na Baba dai kowa ya haddace shi har kakan kakansa. Na samu wani bature a intanet da ya ce sana'arsa kenan tono asali, na ba shi sunan da Kaka ke amfani da shi kafin aure da sunan ƙauyen, na tura masa fam 400 a lokacin da fam ɗaya ya haye naira 1,000, wallahi har yau in na buga lissafin nan sai na ji kaina ya sara. Ya turo mana bishiyar dangi mai kyan gaske, manoma ne tun wajen shekarun 1700, duk a cocin nan aka yi musu baftisma aka ɗaura musu aure aka binne su. Yayarmu ta kai aka buga ta babba aka sa a gilashi aka rataye a falon Mama, duk baƙon da ya shigo sai an tsayar da shi gabanta.

Takardar auren Kaka ce ta tona asiri, kuma ba ma don bincike na nema ta ba, so nake in haɗa da hoton bikin. A Ingila tun 1837 gwamnati ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kowa zai iya neman kwafi da kuɗi kaɗan, kuma har zuwa 2021 sunan uba kaɗai ake sawa a takardar aure. Da ta iso na duba gurbin uban amarya sai na ga wani suna dabam, sana'a kamun kifi, an rubuta ya rasu. Kifi kuma? A tsakiyar gonakin alkama?

Daga nan na buɗe rajistar jama'a ta 1939, wadda aka ɗauka ranar 29 ga Satumba bayan an fara yaƙin duniya na biyu don raba katin shaida da na abinci. Ga gidan gonar, ga manomin da matarsa da ’ya’yansu, can ƙasa ga wata yarinya ’yar makaranta haihuwar 1932 da sunan mai kamun kifin nan, an ja layi a kansa an rubuta sunan aurenta a sama da wani tawada, don hukumar lafiya ta ci gaba da gyara rajistar shekaru da yawa bayan yaƙi. Kaka ce. Ranar haihuwar ma tata ce. Ashe tana cikin yaran da aka kwashe daga birane a farkon Satumban 1939 saboda tsoron bam ɗin Jamus, mutum kusan miliyan ɗaya da rabi cikin ’yan kwanaki, kowane yaro da takardar suna maƙale a riga. Ita daga Hull aka kawo ta, unguwar Hessle Road ta masu jiragen kamun kifi. Hull ta sha wuta a yaƙin nan, mutum wajen 1,200 suka mutu, kuma a jerin fararen hular da yaƙi ya ci na ga sunan mahaifiyarta, Mayun 1941. Ba wanda ya zo ɗaukarta, sai ta zauna, ta ɗauki sunan masu gidan, can kuwa ba sai ka je kotu ba kafin a riƙa kiranka da sunan da ka ga dama.

Sai abubuwa suka dinga dawo min. Hull ba ta da nisa da ƙauyen amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai mu ba, in za a yi sayayya sai dai Beverley ko York. Mama ta ce daren 5 ga Nuwamba da ake wasan wuta Kaka rufe labule take yi ta ƙure rediyo. Kifi kuwa, da yake ba naman halal a kusa kusan kullum shi take mana, ta danna shi da yatsa ta leƙa ido ta mayar wa mai motar kifin ta ce na shekaranjiya ne, mu muna dariya. Akwai wata koriyar atamfa mai tsada da Baba ya kai mata tsaraba, ta yi godiya ta ninke ta sa a durowa ba ta taɓa ɗinkawa ba, Baba ya daɗe yana jin haushin abin a ransa, ashe mutanen Hessle Road camfi gare su da koren kaya, gani suke yana jawo mutuwa a teku.

Yadda baturen mai tono asalin ya yi aikinsa ma ba wani abin mamaki ba ne. Ƙidayar jama'a ta 1921 ita ce ta ƙarshe da ake iya dubawa, ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, to ya ga manomin a 1921 da sunan da na ba shi da ƙauyen da na ba shi, kawai ya manna Kaka a ƙarƙashinsa ya nausa baya abinsa. Littafin baftismar cocin yana ma'ajiyar tarihi ta Beverley, da ya buɗe shekarar 1932 zai ga babu ita. Don haka duk mai shirin wannan harka, kar ka ba kowa ko sisi sai ka riƙe takardar haihuwa da ta aure na mutumin da ka sani da idonka, kuma duk wanda ya kai ka 1700 cikin sauri ka ce ya fara nuna maka 1930.

Da na faɗa wa Mama shiru ta yi, can ta ce, "To su Kawu fa?" Na ce Mama su ne dai suka riƙe ta, kawunanki ne har gobe. Ta hana a sauke bishiyar daga falo, ta ce a ƙara wata a gefe. Baturen kuwa na rubuta masa da hujjoji na, ya amsa wai shi abin da na ba shi ya yi aiki da shi, kuɗi kuma ba a mayarwa, in ina so zai yi min ɓangaren Hull da ragi, fam 300.