Abin da na koya wurin gane maƙeran takubban gwanjo

A shagon kawuna da ke Sakkwato kayan doki muke sayarwa, da takubban ado na hawan sallah da naɗin sarauta. Yawancin takubban da ake kawo mana na gwanjo ne, kuma kwaikwayo ne aka yi na tsofaffin takubban yaƙi. Aikin da ya faɗo kaina shi ne in duba kowanne in faɗi inda aka ƙera shi kafin a yi ciniki.

Abin da Kawu ya fara karantar da ni shi ne kada in yi saurin yarda da tambari. A zamanin da, fatake sun riƙa ratso Sahara da ruwan takobi na Solingen ta ƙasar Jamus, wasu da hoton kyarkeci yana gudu, wasu da jinjirin wata biyu. Da jama'a suka ɗauki alamun nan a matsayin shaidar ƙarfe mai kyau, sai maƙeran Hausa da na Buzaye su ma suka riƙa buga su a nasu. Saboda haka ganin wata biyu a jikin takobi bai isa a ce na Jamus ne ba. Sai an matso da shi haske: bugun kamfani zurfinsa ɗaya ne ko'ina, na hannu kuwa za ka ga gefe guda ya fi nutsewa, wani lokaci har an maimaita bugun ya hau kan na farko.

Akwai dattijon da ya kawo takobi naɗe cikin tsohon rawani, ya ce kakansa ya riƙe shi ranar Giginya, wato lokacin da Turawa suka shigo Sakkwato a 1903. Kusa da ƙota an rubuta 440, lambar ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda sai a 1913 Harry Brearley ya gano yinsa a Sheffield ta Ingila. Kawu ya juya shi a hankali ya ce, "Baba, wanga takobi bai ga Giginya ba, amma kuben aikin dukawanmu na, kuma mai kyau na." Ba na jin dattijon ƙarya ya shirya. Labarin ya gada tare da kayan, wataƙila an sauya ruwan a wani zamani.

Inda gaskiya take zama shi ne cikin ƙota. In aka kwance ta, za a ga jelar ƙarfen da ke riƙe da ruwan. Takubban rataye bango masu araha, irin da ake yi da yawa a Pakistan da Sin, sau da yawa siririn rodi ne aka yi wa walda, aka ɗaure da noti a ƙarshe. Wannan ne ya fi damuna, don yaro zai hau doki ya ɗaga shi da ƙarfi wurin jinjina, waldar ta balle, ruwan ya tashi cikin jama'a. Irin wannan ba ma sayar wa mahayi, ko nawa zai biya. Na kamfanin Windlass da ke Dehradun ta Indiya sukan zo da jela mai kauri da sunan ƙasar kusa da ƙota. Na Toledo ta Sifaniya ado ya fi yawa a jikinsu, wasu ƙotocin ma maganaɗisu ba ya kama su, don zubin tutiya ne aka shafa wa ruwan zinariya.

Aikin maƙeranmu na unguwar Maƙera Assada kuwa hannu ke nuna shi. Sawun zarto yana nan a gefen kaifi, tsagin da ke tsakiyar ruwan ba ya miƙewa sak, ƙarfen kuma sau da yawa sifirin ɗin mota ne aka buɗe. Yana ba ni haushi in ji dillali ya kira irin wannan "na Jamus" don ya ƙara kuɗi, alhali wanda ya sha zafin wutar yana nan cikin gari, ba a ko ambace shi ba.

Takobi guda kan haɗa hannun mutum uku: ruwa daga waje, ƙota daga Agadas, kube na jar fatar akuyar Sakkwato. Shi ya sa in mai saye ya tambaye ni wa ya yi, nakan rarraba masa amsar ɗaya bayan ɗaya, in rubuta a takarda in ɗaura a hamila, don wanda zai saya bayansa ya tarar da ita.