Godiya bayan fitar takaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya na cika wata huɗu da kwana goma da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Na yi wanka, na sa kwalli karo na farko tun ranar da aka fita da shi, har na tsaya gaban madubi ina kallon fuskar kamar ta wata. Yau kuma na karɓe wayata daga hannun yara don in sauke nauyin godiyar da ke kaina, tunda ba zan iya bin kowa gida-gida ba.

Ina godiya ga danginsa da nawa, na cikin gari da waɗanda suka taso daga Wurno da Gwadabawa da Tambuwal. Ina godiya ga abokan sana'arsa 'yan albasa, da suka raka shi makwancinsa, suka kuma dawo bayan sadakar uku da littafin bashi a hannu, suka ware abin da yake bi da abin da ake binsa, ban ma kai ga tambaya ba. Maƙwabtanmu na Rijiyar Ɗorowa, kwana bakwai ba a hura wuta a gidan nan ba, amma ko yaron goye bai kwana da yunwa ba. Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

Sai dai akwai wasu bayin Allah da ba su da waya balle su ga wannan rubutu, kuma saboda su na fi zama in yi shi. Duk wadda ta karanta, idan tsohuwarta na cikinsu, don Allah ta karanta mata.

Ranar bakwai kowa ya naɗe tabarmarsa. Gida ya yi tsit. Wadda ba ta taɓa takaba ba ba za ta gane ba, ashe kwanakin zaman makoki su ne masu sauƙi. Da magariba ta doso sai kunnena ya koma zaure yana jiran ƙarar babur ɗinsa. Butarsa na nan inda ya bar ta. Kuma hawaye ya ƙi zuwa, ko ɗigo. Mai shigowa ya ce "ya haƙuri?", in ce "haƙuri sai Ma'aiki", baki na faɗa, ƙirji kuwa kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Barci ya ƙaura, abinci sai an tsaya a kaina.

Wata Alhamis bayan la'asar na ji sallama da ƙarar sanda. Modibbo ce, malamar su Innata, da tsofaffi bakwai a bayanta, 'yan taru, matan nan masu koyar da addini cikin waƙa. Ba su tambaye ni komai ba. Suka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, suka yi wa mamaci addu'a, sannan Modibbo ta gyara murya ta ja baitin farko, saura suka karɓa. Babu bandiri, babu lasifika, ko tafi babu.

In faɗi gaskiya, idan aka ware su ɗaya-ɗaya babu mai zaƙin murya a cikinsu. Modibbo haƙoranta sun zube, wasu haruffan sai dai ki cika da kanki. Akwai wadda kullum take riga mutane shiga amshi, akwai mai tari a tsakiyar baiti. Amma da sun haɗu sai abin ya zama murya guda mai kauri, tana tashi tana sauka kamar numfashin mai barci. Waƙar wa'azi ce kan ƙarewar duniya da rahamar Ubangiji, irin wadda na taso ina ji a bakin Inna tana tankaɗe. Amshi ya zagayo sau ɗaya, sau biyu, a na huɗu na tsinci leɓena yana motsi. Na buɗe baki zan karɓa, murya ta karye. Na ɗauka za su tsaya su zuba mini ido. Ba wadda ta tsaya. Waƙar ta ci gaba da tafiya, da ni da kukana a cikinta, har na jiƙa mayafi. Da na dawo hayyacina amshin na nan yana zagayowa, na sake shiga inda na same shi. Modibbo ba ta ko juyo ba, hannu kawai ta miƙo ta dafa gwiwata. Da suka idar ta ce, "Ɗiyata, bar shi shi zuba. In kin gaza, mu muna riƙe."

Daren nan na yi barci har aka kira assalatu.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙanen maigida, mutumin kirki wanda shi ke ɗauke da mu yanzu, ba ya tare da irin waɗannan abubuwa. A Alhamis ta biyu ya yi sallama daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, waƙa kuma a gidan mutuwa?" Kafin in sami abin cewa Modibbo ta amsa masa daga inda take zaune. Ta ce kukan da aka hana shi ne na kururuwa da yagar tufa da marin fuska. Ta tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Sannan ta ce, "Mu mi munka hwaɗi wanda ba shi ba?" Bai ce ya gamsu ba, ni ma ban ce sai ya gamsu ba. Amma da bazara ta kama, irin zafin Sakkwato da ko inuwa ba ta ceto, shi ne ke aiko yaro da ƙanƙara duk Alhamis, wai a sa wa tsofaffi a fura. Na gode, Baban yara.

A wajensu na ƙara sanin asalin abin. Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ita ta kafa wannan tafiya. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi addini cikin waƙa don ya zauna a ka, su koma su koyar. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kabarinta na nan Hubbare kusa da na mahaifinta. Abin da ya fi taɓa ni, ita ma ta sha rashi, kuma ba ta haɗiye ba. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello marsiyya da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa aminiyarta A'isha. Malama kamarta, 'yar Mujaddadi. Ni wace ce da zan ji kunyar hawaye?

Sai kuma abokan karatunsa na zawiya, da suka zo daren arba'in suka sauke Alƙur'ani, suka ɗora da Ishiriniya a zaure. Marigayi ba ya wasa da ita. Shi ya taɓa gaya mini cewa Alfazazi, wanda ya rubuta ta, mutumin Andalus ne, ya yi wa kowane harafi baiti ashirin, shi ya sa ake ce mata haka. Littafinsa na nan, gefen takardun ya yi baƙi don yawan buɗawa. Larabcina bai kai in bi ma'ana ba, karin kawai na sani. Ina ɗaki ina ji ta bango, sai na lura da abin da ya ɓace: shi ne mai jan ƙarshen baiti bayan kowa ya sauke, har ina yi masa tsiya a kai. Ranar nan kowa ya sauke tare, wurin ya zauna fayau. Wannan ya yi mini ciwo fiye da ganin makara. Can wajen tsakiya na ji wata siririyar murya ta ja ƙarshen, tana rawa. Babban ɗanmu ne, shekararsa 14. Ban san yana saurarar ubansa haka ba.

Duk wanda na ɓata wa cikin kwanakin nan, ko ya zo gaisuwa ban ɗaga kai na gane shi ba, ya yafe mini. Wanda ke bin marigayi wani abu da bai shiga littafi ba, ya samu ƙanensa, za a biya in Allah Ya yarda. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.

Modibbo ta aiko da safe, wai akwai wata yarinya a Mabera da mijinta ya rasu makon jiya, ko shekara biyu ba su yi da aure ba. Ta ce in shirya ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da tabarmata, tasu ba za ta ishe mu ba.