Yadda na yi wa duwatsun roba launi don kayan Sarauniya Amina

Sana'ata ɗinki, kuma na saba jera duwatsu a kan abaya da leshi, amma fenti a jikin dutse ban taɓa yi ba sai da makarantar su 'yar yayata ta shirya wasan kwaikwayo a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Malamar da ke koyar da su wasan ta ce tana son kambi, ɗamara da warwaron hannu, duka da manyan duwatsu ja da kore masu duhu. Kuɗin da iyaye suka tara kuwa ko kusa bai kai na gilashi ba.

Dama ko da kuɗin sun kai, gilashi ba zai yi ba. Masu kyan nan irin na Swarovski, kamfanin da ke yanka su a Wattens ta ƙasar Ostiriya tun 1895, sun fi ƙyalli nesa ba kusa ba, sai dai nauyi gare su. Robar akirilik ba ta kai rabin nauyin gilashi ba, kuma yarinya 'yar firamare ce za ta ɗauki kambin a kanta tana zagaya dandali da takobin katako. Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan teloli, na tarar manyan na roba masu launi duk sun yi haske da yawa, jan kamar alewar yara. Mai shagon ya ce, "Hajiya, irin wanda kike nema ba ya zuwa, sai dai ki ɗauki farare ki san yadda za ki yi da su." Na ɗauki farare garai-garai, masu shafaffen baya, waɗanda ba a yi musu rufin azurfa ba.

Abin da ya fi komai a wannan aiki shi ne fuskar dutsen ba a taɓa ta. Gefe-gefen nan da aka yanka su ne ke karɓar haske su mayar, da zarar fenti ya hau su dutsen ya mutu, ya koma maɓalli. Launi a baya ake sa shi, a leƙo shi ta cikin robar. Wannan kuwa yana juya tsarin shafi: abin da aka fara shafawa shi ido zai fara gani. Idan ana son ƙyalƙyali, shi ne farko. Launi ya biyo baya. Rufi na ƙarshe.

Jan farce na yi amfani da shi, domin yana da arha kuma yana da launuka masu barin haske ya ratsa. Na naɗe salatif a kan kwali, gefen danƙon a sama, na kifa duwatsun a jere don kada su riƙa gudu. Shafi ɗaya siriri, a bar shi ya bushe sarai, sannan a ƙara. Na gwada zuba shi da kauri a kan wani dutse da na ware don gwaji, washegari na ga 'yan tsage-tsage sirara sun ratsa cikin robar. Sinadarin da ke sa jan farce ya zama ruwa yana cin akirilik idan ya daɗe a kanta bai bushe ba. Maganin goge farce mai asiton ya fi shi ɓarna: ɗigo ɗaya ya taɓa fuskar dutse sai ta dushe, kuma ba ta dawowa. Idan hannu ya zame launi ya hau gefe, a bari ya bushe a kankare shi da tsinken sakace.

Rufin baya shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma shi na fi jin daɗi. Ja ɗaya ne, daga kwalba ɗaya, amma abin da ke bayansa yana sauya shi gaba ɗaya. Da na rufe shi da ruwan azurfa sai ya fito wal, mai kama ido. Da ruwan zinariya sai ya yi ɗumi, ya karkata wajen ruwan goro. Da baƙi kuwa sai ya yi zurfi, kai ka ce tsohon yaƙutu ne da aka gada. A hannu baƙin ya fi burge ni. To amma da dare na jingina su a bango, na haska tocila, na koma can bakin ƙofar tsakar gida na duba: mai baƙin baya ya ɓace ɗungurum, sai ka ce rami ne a jikin kyallen, mai azurfa kuma yana ta walƙiya. Iyaye daga nesa za su kalli wasan, ba wanda zai riƙe kambin a tafin hannu. Na bar baƙin ga warwaro, inda ake son a ɗan rage hayaniya, na ba kambi da ɗamara azurfa.

Babban dutsen goshi shi na yi wa dabam. Na yanko takardar alminiyam ta kicin, na dunƙule ta, na warware a hankali yadda ƙananan lanƙwasa suka rage, na manna ta a bayan koren bayan ya bushe. Kowace lanƙwasa tana jefo haske ta nata ɓangaren, sai dutsen ya zama kamar akwai wani abu a cikinsa. 'Yar yayata ta ɗaga shi ta juya, ta ce, "Anti, wannan na gaske ne?" Na ce ta ajiye kafin ta bar min sawun yatsa.

Lokacin hunturu ne, ƙura ba ta jiran izini. Duk abin da na shafa sai na kifa masa roba a kai, in ba haka ba ƙurar ta zauna a cikin launin, kuma ta gaba ana ganin ta tsaf tun da robar dutsen tana ƙara wa abu girma.

Sai gam. Nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun gama wahala. Sufa gulu yana fitar da tururi yayin bushewa, ya bar farin hazo a kan robar. Gam mai wari sosai, irin na takalma, yana narkar da fentin da ke baya, launin ya yamutse. Gam ɗin kyandir na bindiga yana kamawa, amma fentin yake kamawa ba dutsen ba, in an ja sai dutsen ya faɗi ya bar launinsa a jikin kaya. Wanda ya yi min shi ne farin gam na kyalle, mai ruwa, wanda yake washewa in ya bushe. Yana da jinkiri, sai an bar kayan a shimfiɗe ya kwana. Kafin gam ɗin ma na shafa wa bayan kowane dutse fanish mai ruwa don ya raba tsakani. Manyan na ɗamara, da yake wurin lanƙwasawa ne, ban yarda da gam kaɗai ba: na zaɓi masu huji biyu na ɗinke su da zaren kamun kifi. Ƙananan kuwa da ɗan kakin zuma a bakin tsinke nake ɗaukar su, ya fi yatsa tsafta.

Da na kai kayan na ja wa malamar kunne a kan guga. Duwatsun da muke mannawa da zafi a kan abaya na gilashi ne masu gam a baya, shi ya sa suke jure wuta. Akirilik tana fara laushi tun wajen digiri 105, dutsen guga kuwa yana kai 200 idan an murɗa shi wajen auduga. Na ce mata, "Malama, ko kusa kada a kai masa guga, kuma ba a jiƙa shi. In ya yi datti a goge da tsumma mai laushi, a naɗe shi a tsohon zane, kada a haɗa duwatsun fuska da fuska, suna karce juna." Na haɗa mata da ragowar duwatsu masu launi a ƙaramar leda da sauran gam ɗin, tun da yara ne, kuma akwai fagen yaƙi a wasan.