Yadda nake sauya wa shafi saba ba tare da imel ya ɓace ba

Aikin da aka fi kawo mini a nan Yamai shi ne a ɗauke shafin wani ƙaramin kamfani ko wata ƙungiya daga tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin a intanet, a kai shi sabuwa, amma akwatunan imel su zauna inda suke. Kwashe fayiloli ba shi da wuya. Inda ake yin tuntuɓe shi ne teburin DNS, jerin layukan da ke faɗa wa duniya a wace saba shafi da imel suke, wanda a cPanel, panel ɗin da ake sarrafa saba da shi, yake ƙarƙashin Zone Editor. Zan bi aikin da domen, wato sunan shafi, na misali, kamfani.ne, tsohuwar saba tana adireshin IP 203.0.113.10, sabuwa kuma 198.51.100.25.

Kafin in taɓa komai sai na san wane teburi duniya take tambaya. Nakan buga nslookup -type=ns kamfani.ne in ga sunayen da za su fito. Duk mai ba da masauki, da zarar an saka domen a panel ɗinsa, sai ya ƙirƙira masa nasa teburin, don haka domen ɗaya yana iya samun tebura biyu ko uku. Wanda layin NS, mai faɗin sabar da ke riƙe da teburin, ya nuna shi kaɗai ke aiki. Idan sunayen Cloudflare suka fito, ko na inda aka sayi domen, duk gyaran da za ka yi a cPanel zuba ruwa a rariya ne: zai ce an adana, amma ba abin da zai canza a waje. Da na gano teburin gaskiya, sai in kwafe shi layi-layi in ajiye, saboda babu maɓallin da ke mayar da layin da aka goge.

Daga nan sai wa'adi, wato TTL. A cPanel yawanci 14400 ake tararwa, daƙiƙoƙi ke nan, awa 4. Ma'anarsa duk sabar da ta tambayi adireshinka tana da izinin riƙe amsar tsawon awa 4 ba ta sake tambaya ba. Nakan rage shi zuwa 300 a kan layukan da zan taɓa, in bar shi ya kwana. Rage shi a lokacin da ake sauya adireshi ba ya amfani, domin masu riƙe da tsohuwar amsa da tsohon wa'adi suke riƙe da ita. Maganar nan ta "a jira awa 48" da ake yawan faɗa wa mutane, asalinta sauya NS ne, inda wa'adin domen .com yake 172800. Ba ta shafi sauya layin A ba, wanda shi ne ke haɗa suna da adireshin saba.

Yanzu ga inda imel ke mutuwa. Idan cPanel ya buɗe sabon domen, layin MX da yake rubutawa, mai faɗin inda za a kai wasiƙa, yana nuna domen ɗin kansa ne, kamfani.ne, da lambar fifiko 0. Wato wasiƙa tana bin layin A ɗaya da shafi. Ka sauya A zuwa sabuwar saba, wasiƙun mutane duka sun bi ka can, inda babu akwati ko ɗaya, sai su riƙa komawa ga masu aikowa. Shafi yana buɗewa lafiya lau, kai kana ganin ka gama, sai ranar Litinin waya ta fara ƙara.

Saboda haka nake raba su tun kwana ɗaya kafin ƙaura. Ina duba layin mail.kamfani.ne. Idan CNAME ne, wato layin da ke tura suna ga wani suna, mai komawa ga kamfani.ne, sai in goge shi in kafa layin A mai wannan suna, in ba shi 203.0.113.10. Dole a goge tukuna, domin CNAME ba ya zama da wani layi a suna ɗaya, kuma ƙa'ida ta hana MX ya nuna sunan da yake CNAME. Sannan in gyara MX ya nuna mail.kamfani.ne. MX suna yake karɓa, ba lambar IP ba. Idan layukan MX sun fi ɗaya, mai ƙaramar lamba ake fara gwadawa. Haka nan webmail da sauran ƙananan sunayen panel, in tabbatar suna kan tsohon adireshi. Abin da ya fi cin lokaci a nan wayoyin ma'aikata ne: wanda aka saita masa Outlook ko wayarsa da kamfani.ne tsurarsa a matsayin sabar wasiƙa, sai an bi shi an ƙara masa mail a gaba, mutum ɗaya bayan ɗaya.

A sabuwar saba kuma akwai wani wuri da ba ya cikin Zone Editor, sunansa Email Routing. Sai an sa shi a Remote Mail Exchanger. In an bar shi a Local, saba tana ɗauka ita ce mai akwatunan, sai saƙon da wani ya cika a shafi ya tsaya cikinta bai fita ba, alhali MX daidai yake.

Layin SPF, wanda TXT ne mai farawa da v=spf1, nakan ƙara masa ip4:198.51.100.25 domin sabuwar saba ta samu izinin aika wasiƙa da sunan domen. A cikin layin da ke nan ake ƙarawa. Layi biyu na SPF yana lalata duka biyun, kuma shi ne kuskuren da na fi tararwa a teburan da wasu suka riga ni taɓawa. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ya tsaurara: mai aiko da wasiƙa sai yana da SPF ko DKIM, sa hannun da saba ke yi wa wasiƙa, in ba haka ba tana iya dawowa. DKIM yana sunan default._domainkey, kuma tunda imel bai tashi daga tsohuwar saba ba, ba na taɓa shi.

Kafin sauyi nakan gwada shafin ta fayil ɗin hosts na kwamfutata, wanda take dubawa kafin ta tambayi DNS, in rubuta sabon adireshi da sunan domen, in ga yadda zai buɗe. Sauyin kansa nakan yi shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da biro-biro suka watse, kuma da caji cike a kwamfuta da intanet na waya a gefe, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Barin teburi rabi a gyare ya fi rashin farawa muni. Layin A na kamfani.ne ya koma 198.51.100.25. Idan www CNAME ne zai biyo da kansa. Sai in nemi layin AAAA, takwaran layin A ga sabon tsarin adireshi na IPv6: in akwai shi yana nuna tsohuwar saba, duk mai IPv6 tsohon shafi zai ci gaba da gani, kai kuma kana ganin sabo, ku yi ta gardama.

Bayan minti biyar nake tambayar 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare da nslookup, sannan in buɗe shafin ta layukan waya daban-daban, Airtel, Moov ko Zamani, tunda kowanne da sabar da yake tambaya. A Windows, ipconfig /flushdns na share abin da kwamfuta ta riƙe. Idan na ga suna ya fito ninki, kamar www.kamfani.ne.kamfani.ne, ɗigon ƙarshe aka manta, panel ɗin ya liƙa domen a baya. Da adireshi ya zauna sai in kunna AutoSSL, mai samo wa shafi takardar shaidar https, a sabuwar saba, domin ba ya iya karɓo takardar shaida sai domen yana nuna ta. Daga nan in aika wasiƙa daga Gmail zuwa akwatin kamfani, in amsa ta, in cika fom ɗin shafi in ga ya iso.

Ranar Litinin da yamma, in ba wanda ya kira, nake mayar da wa'adi 14400. Sai in rubuta wa mai domen a takarda cewa tsohon masaukin nan kada ya bari kuɗinsa ya ƙare, domin akwatunan imel suna cikinsa, haka ma teburin DNS idan can NS yake nunawa, in sa masa ranar sabunta masaukin da ranar sabunta domen, kowacce a layinta.