Kilo tara na kifin teku da bahon da ya cinye mini kashi ɗaya cikin uku

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kilo tara na kifi aka kawo mini a daskare, kusan uku na zubar, kuma tun kafin in ɗora tukunya. Wajen narkarwa na yi ɓarnar.

Hajiyar da zan yi wa abincin walima ce ta aiko da shi a kula, an kawo mata daga Fotugal. Can cherne suke ce masa, da Turanci kuma wreckfish, wato kifin tarkacen jirgi. Ƙananansa kan bi katako da tarkacen da ke yawo a saman teku, in sun girma sai su koma ƙasa, cikin kogunan duwatsu da jiragen da suka nitse, har zurfin mita 600. Babbansa na kai mita 2 da kilo 100. Danginsa, Polyprionidae, ba su da yawa, akwai hapuku na Niyuzilan a cikinsu. Duk wanda ya saba da giwan ruwa a kasuwar Galadima zai ɗauka ya san shi, kuma nan na ruɗu.

Gunduwar tsakiya ce, ba kai ba jela, kaurinta ya kai santimita 20. Titus ko shawa, ka zuba a roba ka tara musu ruwa, kafin awa guda sun saki. Haka na yi masa. Bayan isha'i na cire ledar, na sa shi a baho, na cika da ruwan tanki, na kife tire a kai. A watan Afrilu fa, lokacin da ruwan tanki ko da tsakar dare ɗumi gare shi. Da asuba ruwan ya yi fari-fari, ƙarni ya cika kicin. Na danna yatsa, ya lume kamar a tuwon da ya kwana. Na soka wuƙa tsakiya, sai ta ci karo da ƙanƙara.

Dalilin a fili yake, ni ce ban tsaya na yi tunani ba. Nama mai kauri a hankali sanyi ke barinsa. Saman naman ya narke cikin awa ɗaya zuwa biyu, sannan ya kwana cikin ɗumi, kuma tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Cire ledar da na yi kuma ya sa tsokar ta sha ruwa ta yi laɓo-laɓo. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ce, "Anti, ko mu wanke da lemon tsami?" Lemon tsami wari kawai yake rufewa. Na fere shi zagaye, zurfin yatsu biyu, sai da na tarar da inda yake a daskare, na kira Hajiya na faɗa mata gaskiya.

Yadda ya kamata: a firij, ƙasa da digiri 4, wajen kwana ɗaya ga kowane kilo biyu, kenan kwana huɗu zuwa biyar ga irin wannan. A kan kwando, tire a ƙasa yana tarar ruwan, a can hawa na ƙasa. In ledar da aka zuƙe iskarta ce, a buɗe ta tukuna, domin ƙwayar da ke kawo gubar botulizim wurin da babu iska take so. Amma wa ke da wutar kwana huɗu a jere a garin nan? Sai dai kula da ƙanƙarar bulo, ana tsiyaye ruwan ana sabuntawa safe da yamma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai hanya mai sauƙi. Da na kai shi a daskarensa wurin masu injin yanka a ɗakin sanyi, sun yayyanka mini shi santimita uku-uku, da kowane yanka ya narke a firij cikin dare ɗaya. In ana sauri ma, a ƙulle shi a leda a tsoma cikin ruwa mai ƙanƙara, ana canza ruwan duk rabin awa. Kuɗin yankan ko kusa bai kai na kilo guda ba.

Girkin kansa bai ba ni wahala ba. Ɓawonsa ƙanana ne masu kaushi, sun manne, sai an kankare da ƙarfi, a kuma kiyayi ƙayar gadon baya. Tsokar fara ce, mai ƙarfi, ba ta dagargajewa. Na tsane ta da tawul, gishiri da ɗan masoro, minti biyar ta gefen fata a kasko mai zafi, na ƙarasa a oben har tsakiyar ta kai digiri 63. Kada a lafta masa yaji kamar tarwaɗa, ɗanɗanonsa ne zai ɓace. Na kuma ce a rage wa masu juna biyu da ƙananan yara, don babban kifi mai cin kifaye da ya daɗe a teku yakan tara sinadarin makuri mai guba.

Faranti 40 muka lissafa da Hajiya, 26 suka fita. Sauran 14 da giwan ruwa na cike, daga aljihuna.