Yadda gonar shinkafata ta kai ga girbi ina jinyar tiyata

Noman shinkafa na rani a fadamar Argungu sana'a ce da ba ta jiran mai ita, domin daga ranar da aka zuba iri a wurin reno har ranar da lauje zai shiga gona, kowane aiki yana da lokacinsa. Ina noma kadada uku a gefen gulbi, ina da injinan ban ruwa biyu da rijiyoyin bututu, kuma ina sayar da shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ga dillalan da ke kai wa masana'antun sarrafa shinkafa, irin su WACOT da aka buɗe a nan Argungu a 2017 da Labana ta Birnin Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya tashi daga abin rage zaman banza ya koma kasuwanci mai cin jari, amma tsarin aikinmu bai canza ba: mai gona shi ne manaja, shi ne ma'aji, shi ne makaniken inji, kuma sau da yawa shi ne mai saɓa buhun taki a kafaɗa.

Gwaiwa ce ta kai ni asibiti, kuma ciwo ne da ya yi yawa a tsakanin masu aikin ƙarfi, ko da yake kunya tana hana da yawa faɗa. Likita ya bayyana mini cewa bangon ciki ne ya yi rauni har hanji yake turowa, kuma idan kumburin ya fara ƙin komawa, jinkiri yana iya kai ga hanjin ya shaƙe, a yi aikin gaggawa cikin haɗari. Da so samu ne, manomin rani zai zaɓi a yi masa aiki bayan girbin damina, lokacin da ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, amma nawa ya faɗo a watan Janairu, iri yana gab da isa dashe. Sharuɗɗan da aka sallame ni da su kaɗan ne, sai dai kowannensu ya taɓa tushen sana'ar: kada in ɗaga abu mai nauyi har kimanin mako 6, kada in yi yunƙuri mai matsa ciki, kada kuma ruwa mai datti ya taɓa wurin ɗinkin. Wanda ya san fizgar igiyar injin ban ruwa da sanyin asuba, da ɗora shi a bayan babur, da shiga taɓo har gwiwa, ya san cewa an raba ni da gonar gaba ɗaya.

Abin da ya fito mini fili a lokacin shi ne cewa taimakon da ake samu a gona iri uku ne, kuma ba ya yiwuwa ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya. Akwai aikin da jama'a za su taru su gama a yini guda, akwai wanda kuɗi ke saye, sannan akwai sa ido da yanke shawara na kullum, wanda shi ne mafi wuyar samu.

Dashe shi ne ya dace da gayya. Masana suna son a cire iri a dasa shi yana da kwana 14 zuwa 21, domin idan ya tsufa a wurin reno ba ya yin 'ya'ya da yawa, wato rassan da ke tsirowa daga gindinsa, kuma irin Faro 44 da muke shukawa gajeren zango ne, ba shi da lokacin rama abin da ya rasa. Ana cewa gayya ta mutu, matasa sun koma kabu-kabu da ci-rani a birane, kuma akwai gaskiya a ciki, amma gayyar maras lafiya ba ta mutu ba. Liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, Sarkin Noma ya sa baki, maƙwabtan gona suka zo da 'ya'yansu. Sai dai duk wanda ya ɗauka gayya kyauta ce bai taɓa ciyar da ita ba, domin tuwo da miya da fura da goro na mutane masu yawa suna iya kusantar kuɗin 'yan ƙwadago, sannan kuma bashi ce da ake biya da jiki ranar da wani ya kwanta. Amfaninta na gaskiya shi ne sauri, da kuma cewa masu dashen manoma ne da suka san aikin, waɗanda za su ji kunya a ce layin da suka dasa ya karkace.

Sauran ayyukan ƙarfi, wato gyaran fangula, cirar ciyawa da feshi, na 'yan ƙwadago ne. Wasu 'yan ƙauyukan kusa ne, wasu kuma 'yan ci-rani ne daga yankin Dosso na Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka daɗe suna tsallakowa idan sun kammala aikin gero. Ana ɗaukarsu ko dai a kan yini ko a kan jinga, kuma zaɓin yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ba zai iya tsayawa a kansu ba. Mai aikin yini ba ya gaggawa, kuma idan babu mai gona a wurin, rana takan yi tsawo aikin ya yi gajere. Mai jinga kuwa gaggawa ce ribarsa, saboda haka yana iya tsinke ciyawa daga sama ya bar saiwa, bayan mako guda ta sake fitowa. A ganina jinga ta fi wa majinyaci, da sharaɗin a yanka ta fangali-fangali, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai wakili ya zaga ya duba. Ban yarda da riƙe hakkin lebura ya kwana ba tare da dalili ba, kuma hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe sananne ne, don haka dubawar takan kasance a ranar, biyan kuma kafin magariba. Yanzu da masu POS suka cika kasuwa, ina iya tura kuɗi daga kan gado a karɓa a bakin hanya, abin da shekaru goma da suka wuce sai an aiki yaro da kuɗi a aljihu.

Wakili shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Ban ruwa ba aikin ƙarfi kaɗai ba ne. Gonata ba ta kwanta daidai ba. Ɓangaren da ke kusa da gulbi yana da yashi, yana shanye ruwa da wuri, na can ciki kuma laka ce mai riƙewa, idan aka ba su ruwa daidai wa daida ɗaya zai ƙone ɗaya ya ruɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma irin wannan sani ba ya cikin littafin malamin gona. Ga kuma mai: tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, man inji ya zama mafi nauyin kuɗin noman rani, har wasu suka mayar da injinansu masu amfani da iskar gas, wasu suka koma hasken rana. Wanda za ka miƙa wa jarkar fetur da buhunan taki ka koma gida ka kwanta, dole ya zama mai amana, kuma dole ya san shinkafa. Samun mai ɗaya daga cikin biyun ba wuya, samun mai duka biyun ne aiki.

Na zaɓi ɗan yayana, wanda ya taso yana bina gona, ya kuma taɓa riƙe nasa ɗan lambun albasa. 'Yan uwa sun so a bar abin a matsayin zumunci, a ce kawai yana taimakon baffansa, amma na ƙi, domin aikin da ba a yanka masa lada ba, ba a iya tuhumar mai yinsa, kuma saurayi mai neman aure yana da nasa buƙatun. Na fara tunanin ba shi kaso daga abin da gona za ta bayar, sai malamin unguwarmu ya ja hankalina cewa wanda aka ɗauka aiki ya kamata ladansa ya zama sananne tun farko, kada a rataya shi a kan amfanin da ba a san yawansa ba. Muka yanka masa albashin wata a gaban shaidu biyu, na kuma ajiye a raina cewa idan Allah ya ba da albarka zan ƙara masa da buhuna a matsayin kyauta.

Tsarin da muka bi mai sauƙi ne. Kowace safiya yana ɗauko hoton fangula da wayarsa ya turo ta WhatsApp, da yamma ya zo gida mu zauna, ya faɗi man da aka ƙona da aikin gobe, uwargidana kuma ta rubuta a littafi, domin ita ce ta riƙe kuɗin tun ranar da aka kwantar da ni. Hoto yana nuna launin ganye da tsayin ruwa, amma ba ya nuna laushin ƙasa, don haka nakan tambaye shi ko ya taka da ƙafarsa. Taki kuwa ban bari a kai shi gona gaba ɗaya ba. Ana fitar da na ranar ne kawai, a dawo da buhun da babu komai. Kamfa, wato takin NPK, ake fara zubawa bayan dashe, sannan yuriya kashi biyu, ɗaya lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, ɗaya lokacin da za ta ɗauki ciki, kuma wannan na ƙarshen idan ya makara, ganye ne zai yi kyau ba zangarniya ba. Ranar da ya zo ya ce, “Baffa, ɓangaren gulbi ya fara ɗaukar ciki kafin na ciki, ina ga a raba musu ranar taki,” na san cewa ya fara kallon gonar da idon mai ita, na kuma rage yawan tambayoyin da nake yi masa.

Wahalar da ba a cika faɗa ba ita ce ta masu zuwa dubiya. Kowa ya zo da labarin gonar: wannan ya ce ya ga ta yi ja, wancan ya ce injin ya kwana yana aiki babu kowa. Da yawa da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma majinyacin da ya biye musu zai hau babur kafin lokaci, kuma mun ga waɗanda ɗinkinsu ya buɗe ko ciwon ya dawo saboda sun je tayar da inji “sau ɗaya kawai”. Aiki na biyu ya fi na farko tsada da wuya. Lokacin da likita ya yarda in fara fita, a mota aka kai ni, na tsaya a kan kunya ina nuni da sanda, ban taɓa mesa ba.

Kafin shinkafa ta nuna na samu ƙarfin zagayawa, kuma hakan ya zo daidai da lokacin jan baki, tsuntsun da garkensa ke iya cinye gona a safiya guda. Korarsa aikin yara ne da gwangwani da majajjawa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma zama a rumfa ana sa musu ido aiki ne da mai jinya zai iya. Yanka da bugu a kan ganga na ba da su jinga, mata suka yi shiƙa aka biya su da shanshera kamar yadda aka saba, ɗauko buhuna kuma ban sa hannu ba ko da wasa.

Da aka auna, amfanin ya ɗan gaza na bara, mafi yawa a ɓangaren yashi, kuɗin aiki kuma ya haura saboda duk abin da nake yi da hannuna sai da aka biya wani. Na fitar da zakka ɗaya cikin ashirin, kamar yadda shari'a ta tsara ga abin da aka shayar da wahala, na sallami ɗan yayana da albashinsa da buhunan da na yi niyya, na biya bashin takin da na ci. Littafin da uwargida ta rubuta ya nuna mini a karon farko ainihin abin da fetur ke ci a kowace kadada, kuma da wannan lissafin na je wurin masu sayar da injin hasken rana a Birnin Kebbi na tambayi farashi. Injin ba shi da igiyar fizga, farantansa kuwa mutum biyu ne ke ɗaukarsu, kuma mun riga mun yi magana da yaron cewa rani mai zuwa zai riƙe ban ruwan ɓangaren gulbi a kan albashi, ni kuma in riƙe taki da ciniki.