Kwana uku a hamadar gishiri ta Bolibiya

Kafin in taka ƙasar Bolibiya da ke Kudancin Amurka, idan aka ce hamada, zafi ne kawai ke zuwa raina. Shi ya sa da direbanmu ya kalli 'yar rigar sanyina a garin Uyuni ya girgiza kai, sai na yi dariya. Bai kula ni ba, ya ja ni kasuwa ya sa na sayi hula da safar hannu na gashin alfaka, wata dabba mai yawan gashi da suke kiwo. Watan Yuli ne, lokacin hunturunsu. Allah ya saka masa da alheri.

Mu shida muka shiga Land Cruiser, jarkokin mai da tukunyar gas ɗaure a saman mota. Mun ɗan tsaya a maƙabartar jiragen ƙasa da ke bayan gari, inda tsofaffin kawunan jirgi na zamanin haƙar ma'adinai ke tsatsa. Masu ɗaukar hoto sun cika wurin, ban daɗe ba na koma mota.

A ƙauyen Colchani ne gishirin ya fara. Ana tara shi tsibi-tsibi ya tsane, a busar, a ɗura a leda. Na tuna kantun gishirin Bilma da raƙuma ke shafe makonni kafin su iso da shi kasuwanninmu. Ga shi nan kuwa mota ke tafiya a kansa.

Filin gishirin, wanda ake kira Salar de Uyuni, ya haura murabba'in kilomita 10,000, a tsayin mita 3,656 daga teku, ragowar wani tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da. Ba hanya, ba itace, ba inuwa. Fari fat har inda ido ya tsaya, ƙasan ya tsage gida-gida kamar saƙar zuma. Direba yana saita kansa da dutsen Tunupa da sawun motocin da suka riga mu. Na cire tabarau na minti ɗaya, hawaye suka zubo. Na tsuguna na ɓalli ɗan guntu na lasa, gishiri ne dai irin na miya. A tsakiyar farin nan akwai tsibirin Incahuasi, cike da wasu dogayen itatuwa masu ƙaya da ke ƙara kamar santimita ɗaya a shekara. Wanda na tsaya a gindinsa ya ninka ni tsawo sau uku.

Mun kwana a masaukin da aka gina da tubalin gishiri, har gado da tebur. Da asuba na tashi alwala na tarar ruwan famfo ya daskare. Da ruwan gorar da na kwana da ita cikin bargo na yi, yatsuna suna rawa.

Rana ta biyu ce ta nuna mini iyakata. Muna ta hawa, tsakuwa da ƙura, har muka wuce mita 4,000. Kaina ya fara sara kamar ana buga kalangu a ciki. Direba ya miƙo ganyen koka ya ce in dunƙule a kumatu, haka mutanen wurin ke yi. Ɗacinsa ya yi kama da na goro, sai dai yana kashe harshe. Ana cikin haka tayar baya ta fashe a hamadar Siloli. Na fito da ƙarfina zan taimaka, na juya sifana sau huɗu kacal, numfashi ya ƙare. Na zauna a kan dutse ina haki, shi kuwa mutumin, da ya girme ni, ya canja taya yana fito.

Kusan la'asar muka isa tafkin Laguna Colorada. Ruwan ja ne kamar an jiƙa zoɓo, wasu ƙananan halittun ruwa ne ke ba shi launin, ga fararen tsibirai na sinadarin boras. Tsuntsayen filamingo birjik, kai a cikin ruwa suna tace abinci, iska mai yankan fuska ba ta dame su ba. A ganina wannan tafki ya fi filin gishirin kyau, duk da gishirin ne ya yi suna.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ƙarfe biyar muka tashi zuwa Sol de Mañana, kusan mita 4,850, inda tururi ke feshi daga ƙasa, taɓo na tafasa a ramuka, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ba shinge, direba kawai ke daka tsawa idan ka matsa kusa. Daga nan sai ruwan zafin Polques. Na yi ta jinkirin cire riga, da na shiga kuma aka yi fama da ni kafin in fito.

A tafkin Laguna Verde, gindin dutsen Licancabur, iskar da ke motsa ruwan ya yi kore ta kwanta, don haka ruwan bai yi koren da ake faɗa ba. Mutum huɗu suka sauka a iyakar Chile. Mu biyu da direba muka juyo Uyuni, tafiyar wuni guda, leɓɓana a tsage, takalmina har yanzu fari da gishiri.